Gwajin da Muka Rubuta Mu Huɗu

Litinin, 6 ga Janairu

Shugabar cibiyar koyon sana'a ta zo karɓar ɗinkinta yau. Ta juya rigar ta duba kalmasa, ta duba wuya, ta ja zif sama da ƙasa, sannan ta zauna a bencin da ba ta taɓa yarda ta zauna a kai ba. Wai malamar ɗinkinsu za ta ajiye aiki a ƙarshen Agusta, kuma ni take so in maye gurbinta. Ni! Saura ƙiris in haɗa yatsana da yadi in ɗinke.

Sai ta ce, "Kina da takardar sakandare ai ko?"

Ba ni da ita. A aji biyar na sakandare na tsaya, shekarar da Baba ya kwanta ciwo. Na hau keken ɗinki don a samu na magani, ban sake sauka ba. Ta ce dokar cibiya ce, ba ta da yadda za ta yi, amma za ta riƙe mini gurbin har sakamakon jarrabawar bana ya fito. Bana kawai. In ban samu ba, dole ta ɗauki wata.

Tunda ba mai karanta wannan sai ni, bari in faɗa: ina son aikin nan har cikin raina. Na taɓa leƙa ajin. Tagogi manya, kekuna a jere, ba mai tsaya miki a ka yana cewa yau-yau yake son kayansa. Ga bayana ya fara yi mini gargaɗi in na daɗe a kan keke.

Yaya, da muke shago ɗaya, ko ɗago kai daga guga ba ta yi ba ta ce, "Boko da furfura?" Furfurar da sai an kunna fitila ake ganinta. Ita da tata ta cika kai.

Laraba, 8 ga Janairu

Injiniya mai gyaran waya, maƙwabcinmu na hagu, ya sa mini wata makaranta a waya. Ta manya ce da matasan da ba su ƙarasa sakandare ba. Ba allo, ba kujera. Ya ce manhajar sai ta gwada ka tukuna, sannan ta shirya maka darasi daidai da kai, inda ka sani ta wuce, inda kake da rauni ta tsaya. Akwai kuma malama ta gaske da za ta riƙa kira ta bidiyo. A watan Afrilu za a yi gwajin tantancewa, wanda ya ci ne kaɗai makarantar za ta tura ya zauna babbar jarrabawa a Yuni.

Na kira Baban yara, yana kan hanya da babbar motarsa. Ya yi dariya har sai da na ce zan kashe wayar. Sannan ya ce, "Ki yi abinki, ni na san kanki yana ja." Bai san na ji daɗi ba, don ce masa na yi ya kula da titi.

Asabar, 11 ga Janairu

Gwajin farko, na lissafi.

A layinmu ba a barin mutum ya ɗauki kaya shi kaɗai. In aka sauke wa Mai Kemis kwalaye, duk mu fito. In kekenmu ya cije, Injiniya ya bar teburinsa ya zo. To ina zama da wayar, Yaya ta leƙo ta kafaɗata. An rubuta a sama cewa in yi shi ni kaɗai, in ban san amsa ba in danna inda aka rubuta "ban sani ba".

Yaya ta ce, "A jarrabawa mutum ya ce bai sani ba? Sai ka ce marar dangi!" Ta ƙwala wa Mai Kemis kira.

Ya zo da biro a bayan kunne, yana murna kamar an kira shi cin abinci. Ashe shi ke zuwa na ɗaya a lissafi a ajinsu, ya maimaita mana har muka haddace. Injiniya ya shigo da kalkuleta. Ni ce mai karantawa da dannawa, Mai Kemis na rubutu a bayan kwalin magani, Injiniya na musu, Yaya na addu'a tana sallamar masu kawo ɗinki. Mai Kemis da Injiniya sun kusa ba hammata iska a kan wata tambaya mai zanen kusurwa uku. Na daɗe ban yi dariya irin ta yau ba.

Da muka gama, taurari suka yi ta zubowa a fuskar wayar. Wai na ƙware, an tsallake da ni zuwa darussan ƙarshe. Mai Kemis ya rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, Farfesa." Kafin yamma har mai shara Farfesa yake ce mini.

Lahadi, 12 ga Janairu

Gwajin Turanci da sauran darussa. A gida na yi, ni kaɗai, don ba a buɗe layi yau. Babu taurari. "Ban sani ba" ɗin nan na danna shi har kunya ta kama ni, daga ni sai waya.

Alhamis, 16 ga Janairu

Turanci na tafiya kamar keken da aka sa wa mai. Manhajar ta gane ina jin magana, rubutu ne ke ba ni wuya, sai take ba ni gajerun labarai in karanta in amsa da rubutu. Ta tambayi sana'ata, yanzu rabin labaran a shagon ɗinki suke faruwa. Yau an ce in rubuta ƙorafi ga mai yadin da ya aiko da kaya masu zuba. Na wanke shi tas da Turanci mai tsabta, kuma har da wani nake a raina.

Lissafi kuwa... Na buɗe darasin farko na ga haruffa sun cakuɗe da lambobi, wasu 'yan ƙananan lambobi sun ɗare a kafaɗar manya. Na rufe. Gajiya ce, ina ji.

Talata, 21 ga Janairu

Ba gajiya ba ce.

Na kai wa Mai Kemis. Ya warware, na danna. Taurari.

Asabar, 25 ga Janairu

Na lura da wani abu. Duk lokacin da muka ci, tambayar gaba sai ta fi ta baya tauri, kamar manhajar na cewa tunda kin iya, ga babbar yayarta. Yau Mai Kemis ya haɗa gumi a kan tambaya ɗaya, ga wata mata a tsaye a shagonsa tana jiran maganin tari. A ƙarshe sai da ya kira wani abokinsa da ke koyarwa a jami'a. Taurari sun zubo. Ban ji daɗinsu ba ko kaɗan.

Baban yara ya dawo. Tun daga ƙofa yake kiran Farfesa. Ya kawo mini jakar makaranta, ja, mai zanen zomo, wai babu ta manya a inda ya tsaya. Yara suka yi ta dariya har da faɗuwa. Na rataya ta na zaga musu ɗaki. Ban gaya masa komai ba.

Laraba, 29 ga Janairu

Saƙo daga makaranta: gwajin Afrilu kyamara a kunne, ɗaki ba kowa. Na karanta na sake karantawa. Yau na sa hannun riga a baibai, rabon da in yi haka tun ina koyo.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Malama ta kira ta bidiyo. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar autarmu ba, da tabarau, ga fara'a. Mama take ce mini. Ta ce ta daɗe ba ta ga ɗaliba irina a lissafi ba, har ta nuna wa sauran malamai amsoshina. Tana so ranar Asabar in taimaka mata a ajin bidiyo, in yi wa masu rauni bayani.

Ni, in yi bayani.

Ta ce bari mu ɗan gwada, ta sa wata 'yar tambaya a fuskar waya, wai mai sauƙi don motsa jini: uku a ɗebe biyar. Na ce ai ba zai yiwu ba. In mutum ya kawo yadi uku, ta ina zan yanka masa biyar? Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Mama, ku nawa kuka yi gwajin nan?"

Na ce, "Mu huɗu. Amma ɗaya addu'a kawai ta yi."

Ta yi dariya har hoton ya kife, ina ji wayarta ce ta faɗi. Ni ma na yi, amma hawaye na kusa. Da ta dawo ta ce ba ni ce ta farko ba. Wai gwajin ba na ci ko faɗuwa ba ne, nema ake a san inda zan fara, kuma duk darussan da nake samu na Mai Kemis ne ba nawa ba. Sai an sake daga farko, ni kaɗai. Na tambaye ta ko zan kai Afrilu. Ba ta rufe ni ba. Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Kusan wata guda ya tafi. Sai mun ga ainihin inda kike."

Na yini ina ganin tagogin nan a idona.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na gaya wa Yaya. Na zaci za ta hau kare kanta. Sai ta ajiye dutsen guga ta dube ni ta ce, "Ke da kullum kike yi wa mata faɗa wurin awo, ki saki cikinki, ki saki cikinki, rigar ke za ta matse ba ni ba. Ashe ke ma tsuke naki kika yi."

Na ce ita fa ta kira Mai Kemis. Ta ce ita ƙanwarta ta taimaka, ba ta san waya na da wayo haka ba. Na ji haushi sosai, don gaskiya ta faɗa. Rigar da aka yanka da awon ƙarya na san ƙarshenta, farkewa ake yi.

Mai Kemis ya ɗauki abin da zafi, wai an raina masa ƙoƙari. Amma na ji shi yana tambayar Injiniya a hankali ko da gaske malaman sun yaba amsoshin.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na sake gwajin. Na shiga ɗan ɗakin gwada kaya na ja labule, Yaya ta zauna a bakin ƙofa da almakashi a cinya kamar mai gadi. Ina jin Mai Kemis a waje yana roƙo a bar shi ya leƙa kawai, ba zai ce uffan ba. Yaya ta ce ko inuwarsa ba ta yarda ba.

Na danna "ban sani ba" son raina. Bayan na farko da na biyu sai ya daina ciwo.

Sakamako: rabi da kwata, awo, kaso cikin ɗari, duk an ce na wuce, ba sai na maimaita ba. Lambobin ƙasa da sifili, doguwar rabawa da lissafin haruffa kuwa, aji ɗaya aka mayar da ni. Farfesa a aji ɗaya. Babu tauraro ko na magani.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na gaya wa Baban yara a waya. Ya ce, "To jakar ta yi daidai ke nan."

Laraba, 12 ga Fabrairu

Uku a ɗebe biyar: biyu a ƙasa da sifili!

Manhajar ta gwada mini da ma'aunin sanyi, ban gane ba. Ta gwada da layi mai lambobi, ban gane ba. Ba ta gaji ba, ba ta yi tsaki ba. Ta sake da bene mai ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa: kina hawa na uku, ki sauka hawa biyar. Sai kawai na gan shi. Na yi ihu har Yaya ta kusa ƙona rigar mutane. Na fita na tare Injiniya na hau yi masa bayani, ya ce ai ya sani, na ce ya saurara dai.

Ashe tun ina aji ɗaya na gaske abin nan ya wuce ni, ina ta gyaɗa kai tare da 'yan aji.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ajin bidiyo na farko. Fuskoki ƙanana a jere kamar maɓallai a kati. Yawanci matasa ne: wata mai goyo, wani cikin rigar gareji, sai wani dattijo mai gadi da ya fi ni furfura, alhamdu lillahi. Kowa darasinsa daban, ranar Asabar kawai muke haɗuwa a kawo abin da ya gagara. Na dai lura wuyan rigar Malama a karkace yake, kuma abin ya dame ni har aka tashi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yanzu da sassafe nake zuwa shago, in yi darasi kafin in taɓa keke. In an ɗauke wuta da rana, darasi. Yaya ta karɓi kalmasa da sa maɓallai duka, tana mita tana yi.

Malama ta ce in ana son abu ya zauna a kai, a koya wa wani. Don haka an ba Mai Kemis sabon aiki: ya zauna in yi masa bayani, ba shi da izinin taɓa biro. Wayyo, wahalar da bawan Allahn nan ke sha! Hannunsa sai laluben biro yake a bayan kunne. In na ɓata sai ya kama tarin ƙarya, Yaya ta ce ya koma shagonsa ya sha magani.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Doguwar rabawa. Na tsane ta. Wanda ya ƙirƙiro ta ba shi da aikin yi.

Asabar, 1 ga Maris

Ta shiga. Na janye maganata, amma ba duka ba.

Talata, 11 ga Maris

Manhajar nan ta san ni fiye da yadda nake so. Ta gane in na yi sauri nake ɓatawa, yanzu in na amsa da gaggawa sai ta ce in sake dubawa kafin in danna. Baba ne kaɗai ya taɓa gano mini wannan hali. Ta kuma gane abin da na koya ran Litinin yakan zube kafin Juma'a, sai ta faki idona ta dawo da shi cikin wani darasi.

Akwai wani layi a saman fuskar wayar da ke nuna inda nake da inda ya kamata in kai kafin gwaji. Ina kallonsa kamar tukunya a kan wuta. Yana motsi, amma da nawa.

Shugaba ta wuce ta gaban shago, ta ɗaga hannu ta ce, "Ana karatu?" Na ce ana yi. Ta ce wasu mata biyu sun kawo takardunsu, ta ajiye a aljihun tebur. Murmushi take yi, amma tana wucewa na koma kan darasi.

Juma'a, 21 ga Maris

Lissafin haruffa. Ashe harafin nan ba aljani ba ne, lamba ce da ta rufe fuska, aikinki ki gano ta. Abin da kika yi wa hagu ki yi wa dama, kamar hannun riga. Da wani ya gaya mini haka tun ina yarinya!

Na warware shafi guda ba kuskure. Tauraro ɗaya ya fito, ɗan ƙarami. Na ɗauki hotonsa na tura wa Baban yara, ya aiko da murya yana danna hon.

Asabar, 29 ga Maris

A aji yau Malama ta yi bayanin zana layi a kan takarda mai gida-gida, ta ce an gane? Kowa ya gyaɗa kai. Sai na ji bakina ya ce, "Malama, ni ban gane ba, a sake." Ta sake. Na ce a ƙara. Ta ƙara ta wata hanya, ya shiga. Bayan an tashi mai goyon nan ta turo mini saƙo wai ta gode, ita ma ba ta gane ba. Dattijo mai gadi ma haka. Har da na gareji, da ya fi kowa gyaɗa kai.

Litinin, 7 ga Afrilu

Saura mako guda. Layin bai kai ƙarshe ba, akwai darussan da ban taɓa ba, har da na kusurwa ukun nan. Malama ta ce kada in bi su da gudu, in riƙe na hannuna da kyau.

Mai Kemis ya zo da wata shawara ƙasa-ƙasa, wai kyamara gaba take gani ba baya ba, in ya tsaya a bayan labule da kwali... Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Mai Kemis, in na ci da kanka, ranar babbar jarrabawa a aljihu zan sa ka?" Ya ce shi dai tausayi ne. Na sani. Na ɗinke masa rigar aikinsa da ta yage a hammata, don kada ya tafi da fushi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Gobe gwaji. Baban yara ya ɗaga tafiyarsa, wai motar na buƙatar gyara. Motar lafiyarta ƙalau.

Litinin, 14 ga Afrilu

An yi. A shago, ƙofa a rufe, waya a jingine da gwangwanin maɓallai. Duk layin ya yi tsit, har Injiniya ya kashe rediyonsa, abin da ban taɓa gani ba. Na bar tambayoyin da ban sani ba, na yi waɗanda na sani a hankali, na sake dubawa. Da na buɗe ƙofa na same su a jere a kan benci kamar masu jiran haihuwa a asibiti. Yaya ta ce ya ya? Na ce oho.

Alhamis, 17 ga Afrilu

NA CI! Da ƙyar, amma na ci. Malama da kanta ta kira, ta ce kaɗan na haura, na ce ko da faɗin zare ne ai na haura. Yaya ta rungume ni da dutsen guga a hannu, Allah ne ya kiyaye. Mai Kemis ya raba wa duk layi alewar tari. Baban yara ya ce a mayar mini da sunan Farfesa, wannan karon da hujja. Na shiga ɗakin gwada kaya na yi kukana na share na fito.

Makin ko kusa bai kai na Janairu ba. Na fi son sa nesa ba kusa ba.

Saura babbar.

Talata, 20 ga Mayu

Ba lokacin rubutu. Kusurwa uku ta shiga hannu. Na ɗinka wa Malama riga na aika mata, da wuya a miƙe. Sa ta na yi ta auna kanta a gabana ta bidiyo, na ce ta saki cikinta. Ta ce to yanzu mun yi kunnen doki.

Talata, 10 ga Yuni

Lissafi yau, a babban zaure, da jakar zomo a kafaɗa. Mai tsaron ƙofa ya zaci 'yata na rako, ya nuna mini bencin iyaye. Na nuna masa katina. Ashe mai goyo da dattijo ma nan aka turo su. Muka gaisa kamar 'yan uwan da suka daɗe ba su haɗu ba. Dattijon dogo ne ƙwarai, a waya ba a gani.

Tambaya ta farko a kan lambobin ƙasa da sifili ce. Na yi murmushi ni kaɗai har ta kusa da ni ta dube ni.

Laraba, 18 ga Yuni

An gama duka. Yaya ta dawo mini da kalmasa da maɓallai, har da waɗanda ta tara.

Alhamis, 24 ga Yuli

Jira. Da sassafe hannuna da kansa yake neman wayar. Yau na buɗe wani darasi da ko a jarrabawa ba ya fitowa, na yi shi haka kawai. Kada Yaya ta ji.

Juma'a, 22 ga Agusta

Sakamako ya fito. Na kasa buɗewa, na miƙa wa Injiniya, shi ma ya kasa. Yaya ta fizge, sannan ta tuna ba ta gani sai da tabarau. A ƙarshe ni na karanta. Duka na ci. Turanci da kyau sosai. Lissafi daidai bakin ƙofa, amma daga ciki.

Ban jira mota ba, da ƙafa na tafi cibiya, tef ɗin awo a wuya, zare a jikin riga. Shugaba ta karanta a wayata, ta ɗago ta ce, "To Malama, sai ɗaya ga wata." Na waiga in ga da wa take.

Da na dawo na tarar an rufe shaguna uku ana shewa. Mai Kemis na gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya koyar da ni. Na ƙyale shi. Ai ya zauna ya saurara, kuma na san yadda hakan ya ci masa rai. Murna kamar in yi tsalle, da ba don gwiwa ba da na yi.

Litinin, 1 ga Satumba

Tagogin sun fi yadda na tuna girma. Yaya ta ce shago ya yi mata faɗi, ta yi ta kirana tana tambayar inda na ajiye abin da ke gabanta.

Laraba, 10 ga Satumba

A ajina akwai wata mata da ta girme ni, mijinta ya rasu, yanzu take koyon taka keke. Yau na ba su ɗinkin aljihu don in ga hannun kowa. Nata ya tafi kamar sawun maciji. Ta gefen ido na ga ta kusa da ita, wata mai saurin hannu, ta miƙo hannu ta ƙarƙashin tebur za ta karɓa ta yi mata. Ni kaina na riga na nufi wurin, yatsuna na ƙaiƙayi. Kafin ƙiftawar ido zan gyara shi, ta tafi gida da aljihu mai kyau.

Na ce wa mai saurin hannun, "Mayar mata. Nata nake son gani."

Matar ta miƙo shi tana ɓoye rabi a tafin hannu. Na shimfiɗa a tebur muka duba tare. Ashe ba hannunta ba ne, ƙafarta ce ke gudu ta bar hannun a baya. Na ba ta reza ta farke, na jawo kujera na zauna kusa da ita, na tura hannuwana ƙarƙashin cinya. Ta sake, ya karkace. Ta farke ta sake. Har aka tashi bai miƙe ba, amma na ƙarshen ya fi na farko, kuma ta roƙa a bar mata shi ta nuna wa 'ya'yanta.

Da na ba Yaya labari ta ce na yi sanyi tunda na zama malama, da ni ce ta shago da tuni na fizge. Ba wani sanyi. Kujerar ce ke da daɗin zama.